Tekun da Rana Ke Kwana Ciki

Ranar Litinin, uku ga watan Yuni na 1996, Bloemfontein ta wayi gari da irin sanyin da ke daskarar da famfon tsakar gida. Raɓa ta zama farar ƙanƙara a kan ciyawa, hayaƙin gawayi ya kwanta bisa rufin unguwarmu ya ƙi tashi. Da wannan safiyar na rubuta wasiƙa zuwa Durban, ga wata Misis Padayachee mai gidan saukar baƙi a bakin teku, wadda ƙaninta ke koya wa sababbin shiga hawan igiyar ruwa a kan allo. Na nemi ɗakuna na mako ɗaya daga takwas ga Yuli, na rubuta cewa mu uku ne.

Tafiyar ta 'yata ce, Mpolokeng. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, kuma hutun mako ɗaya tak ta samu a wannan shekarar, shi ma sai da ta haɗa da roƙo. Ba ta taɓa ganin teku ba. Tun tana firamare take ajiye da hoton wata yarinya tsaye a kan allo, wanda ta yanko daga kalanda, a zamanin da doka ke faɗin wanda zai taka yashin bakin ruwa da wanda ba zai taka ba. Yanzu dokar ta mutu. Burinta bai wuce ta miƙe tsaye a kan ruwa sau ɗaya ba, ko da na ƙiftawar ido ne.

Na ukunmu shi ne yayana Lebona. Tun rasuwar mahaifinta shi ne malome, kawun da a wurinmu 'ya ba ta yin doguwar tafiya sai da yawunsa. Lebona ya taɓa aiki a tashar jiragen ruwa ta Cape Town. Shi yana cewa shekara bakwai. Marigayiya mahaifiyarmu tana cewa mako bakwai ne, kuma gadin sito ya yi, bayansa na kallon ruwa. Daga can ya dawo da hular matuƙan jirgi da sunan Kyaftin, wanda shi ya raɗa wa kansa.

Ina liƙa kan sarki ya shigo yana hura hannuwa.

"Dieketseng, wasiƙar ina ce?"

"Ta Durban ce, Abuti," na ce, yadda muke kiran yaya.

"Kawo, gidan waya a kan hanyata yake."

Na miƙa masa. Wannan kuskuren nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Bayan mako biyu, ranar Lahadi da aka taso daga coci, ya tara mutanen layinmu a jan dakalin ƙofar gidana. Ya shimfiɗa taswirar da nake koyar da labarin ƙasa da ita shekara ashirin da biyu, ya danne gefenta da takalminsa.

"Daga ina rana ke fitowa?" ya tambaya. "Gabas. Durban tana ina? Gabas. Tun asuba rana take barin ruwansu, ta bar su da sanyi. Ina take faɗawa? Yamma. Cikin me? Cikin teku. A nan take kwana. To ku gaya mini, wane murhu ya fi ɗumi, wanda aka kwashe wutarsa ko wanda garwashi ya kwana ciki?"

Ya ɗora yatsa a gaɓar yamma, kan wani ɗigo mai suna Malgasbaai.

"Abuti," na ce a hankali, "ruwan yamma daga ƙasar ƙanƙara ta kudu yake tasowa. Na Durban daga wajen Mozambik yake gangarowa da ɗuminsa, shi ya sa mai koyo ke zuwa can da hunturu. 'Yan aji biyar ma sun sani."

"Ke a littafi kika ga teku. Ni na sha shi."

Mme Malefu, mai shagon kusurwa, wadda ba a taɓa ganin ta haɗiye magana ba, ta gyara bargonta. "Ka sha shi, Ntate Kyaftin, ko ka yi gadinsa kada a sace?"

"Mme, je ki kula da burodinki, ya kwana uku."

"Burodina yana kumbura da dalili. Kai fa?"

Na tambaye shi wasiƙata. Ya dafa aljihun kwat ɗinsa, ya ce ya cece mu daga asara. Washegari na buga waya Durban daga ofishin makaranta. Hutun yara ya gabato, ɗakuna sun ƙare tun makon jiya.

"Ba komai, Mme," in ji Mpolokeng, don a wurinmu uwa ma Mme ce. "In dai akwai ruwa da allo, zan tsaya."

Allon ma Lebona ne ya samo, a shagon tsofaffin kaya, tsakanin wata gita marar tsirkiya da injin ɗinki. Ɗan gajere ne siriri mai tsinin baki. Mpolokeng ta ce ta karanta cewa mai koyo dogo mai faɗi yake buƙata.

"Yaro da ƙaramin keke yake farawa ko da babba?" in ji shi. Ta bar shi, don ba a musu da malome a gaban mutane.

Saman allon cike yake da wani kaki mai gudaji-gudaji, ya yi dauɗa da yashi. Lebona ya dube shi da ƙyama. Ya ce ƙazantar mutanen bakin ruwa ce, kuma 'yar gidanmu ba za ta taka wannan ba. Ya kankare shi tas da wuƙar kicin. Mai shagon ya gaya masa ana shafa wa allo wani abu kafin a shiga ruwa, to a unguwarmu abu ɗaya muka sani da ake shafa wa wurin da ƙafa ke takawa: jan man da kowace mace ke goge dakalinta da shi ranar Asabar har ya yi ƙyalli. Ya aro gwangwanina. Ya shafa, ya bari ya sha rana, ya goge da tsohuwar safa, ya sake shafawa. Sau biyar. Allon ya yi jawur, mutum na ganin fuskarsa ciki.

Ya ajiye shi a kan ciyawa don ya nuna wa layi yadda ake tsayuwa. Ƙafa ɗaya ya ɗora. Sai ga shi zaune a cikin furannina, hular Kyaftin tana birgima zuwa kwata.

"Kun ga santsi?" ya ce daga ƙasa. "Haka zai yi gudu a ruwa."

"Mun gani," in ji Mme Malefu. "Har ya riga ka isa."

Da labari ya bazu cewa za mu teku, sai robobin ɗebo ruwan teku suka fara zuwa. Kowa yana da tsohuwa mai ciwon gwiwa ko ɗakin da ke son yayyafi, kuma ba a zuwa teku a dawo wa maƙwabta hannu rabbana. Mme Malefu ta ce ba za ta ba Kyaftin amanar jarkokinta ba, zai iya cika su a famfon gidan mai, don haka da ita za a je. Ntate Sefako, mai ƙaramar bas ɗin da muka ɗauka, ya ɗora kaya a rufi har igiyarsa ta ƙare, saura allo. A wutsiyar allon akwai wani dogon zaren roba mai maɗauri a baki.

"Wannan na ɗaurewa a ƙafa ne, Malome," in ji Mpolokeng.

"A ƙafa? Akuya ce ni? Na ɗaure shi a mota ne." Ya yanke zaren gida biyu, ya ɗaure gaba da baya.

Kwana biyu muka yi a hanya. Muka ratsa Karoo, tumaki da duwatsu, Lebona yana gaba kusa da direba yana ba da labarin igiyar ruwan da ya taɓa hawa, wadda ta kai tsayin gida a Colesberg, ta kai tsayin coci a Beaufort West. Ntate Sefako ya ce in ba mu isa da wuri ba za ta taɓa jirgin sama.

Mun shiga Malgasbaai ranar Lahadi da la'asar cikin yayyafi da iska. Gidaje farare kamar talatin, coci ɗaya, warin busasshen kifi. Teku kuwa launin toka ne, yana dukan baƙaƙen duwatsu da ƙarar da ake ji a ƙirji, ganyen ruwa dogaye kamar bulalai sun cika gaɓa. Mpolokeng ta tsaya ta daɗe tana kallo.

Mme Malefu ta cire takalmi ta nufi ruwa da jarka. Idon sawunta kawai ya shiga. Ta dawo da baya da saurin da ban san tana da shi ba.

"Ntate Kyaftin, ranar taka ta kwana a wani gidan jiya."

"Bakin tukunya ne. Ɗumin yana ciki."

Mai masaukinmu, Tannie Griet, gwauruwa ce mai faɗin kafaɗa. Ta ga allon a jingine a bango, ta shafa shi da yatsa, ta dubi yatsan, ta dube ni. Na kawar da kai.

Litinin da safe ruwan sama ya ɗauke, amma teku ya ƙara hauka. Jiragen kamun kifi ba su fita ba, saboda haka duk mazan garin suna zaune jere a kan katangar tashar jiragen da kofunan kofi, ba aikin yi. Mata suna bayansu suna tsaga kifi. Gaban wannan taron Lebona ya fito.

Tannie Griet ta ba shi aron rigar roba ta ɗanta, irin mai kauri da ake shiga ruwan nan da ita. Ya ƙi. Ya ce ta matsorata ce. Ya sa farar singileti mai dogon hannu da farin dogon wandon ciki na hunturu, ya shafe wuya da man kitso, hula a ka, jan allo a hammata.

Wani tsoho mai suna Oom Dawid, wanda aka ce ya fi kowa sanin ruwan wurin, ya sauko daga katanga.

"Baƙo, ina zuwa?"

"Zan nuna wa 'yata yadda ake yi, sannan ta karɓa."

"Yau ko ɗan kifin teku bai fita ba. Ka taɓa hawa?"

"Shekara bakwai a Cape Town."

"A wane bakin ruwa?"

"Duka."

Oom Dawid ya dubi allon. "Ina kakin?"

"Na wanke muku shi."

"Ina zaren ƙafa?"

"Yana kan mota, inda ya dace."

Tsohon ya juya wurin Mpolokeng. "Yarinya, ke ce mai koyon? Me ya kawo ki nan da hunturu? Mu nan 'ya'yanmu Durban suke mafarkin zuwa. Ruwa kamar shayi, igiya 'yar ƙarama, yashi ba dutse."

"Na faɗa," na ce, amma ba da ƙarfi ba.

"Malome, mu bari sai gobe," in ji Mpolokeng. "Don Allah."

"Ki buɗe ido kawai, 'yata. Abin da za ki gani ba a koyar da shi a makarantar uwarki."

Oom Dawid ya ɗaga kafaɗa. Ya yi wa mutum biyu alama su sa dogayen takalman roba su tsaya kusa, ya koma ga kofinsa.

Lebona ya shiga da gudu. Taku uku na farko na jarumi ne. A na huɗu ruwa ya kai masa cinya, sai ya saki wata siririyar ƙara irin ta butar shayi, ya tsaya cak a kan yatsun ƙafa.

"Ɗumin ne ya ƙona ka?" Mme Malefu ta kira daga gaɓa.

Da ba ta yi magana ba, ina jin da ya dawo. Sai ya jefa allon a ruwa ya faɗa kansa da ciki. Allon ya fita ta gaba, shi ya fita ta baya. Ya kamo shi, ya rungume, ya sake hawa, ya zame ta hagu. Ya hau, ya zame ta dama. Mutanen katanga sun daina shan kofi. Wani ya ce kamar mai kokawa da sabulu. A karo na biyar ya kwanta ya maƙale shi da hannuwa da ƙafafu kamar ƙadangare a reshe, ya ɗago kai ya dube mu, har ya ɗaga hannu ɗaya.

Bai ga abin da ke bayansa ba. Ba ta kai coci ba, ba ta ma kai gida ba, amma ta ishe shi. Ta ɗaga shi, ta naɗe, ta shanye. Hular ta tafi gabas. Allon, da ba abin da ya riƙe shi, ya yi tsalle sama kamar kifi, ya hau igiyar shi kaɗai, kyakkyawan hawa kuwa, har kan duwatsu, inda ya rabe biyu da ƙarar da kowa ya ji.

"Allon dai ya iya," in ji Ntate Sefako.

Mutanen nan biyu suka jawo Lebona daga cikin ganyen ruwa, ɗaya da hannu ɗaya da ƙafa. Da suka miƙar da shi, sai dariya ta ɗauke. Daga ƙirji zuwa gwiwa farin kayansa sun yi jawur. Wata mata ta yar da wuƙarta ta ce kifi mai cin mutane ne. Maganar ta bi katanga kamar wutar daji. Wani ya ruga ya hau buga ƙararrawar coci, wadda a garin ba a buga ta ranar aiki sai teku ya ci mutum. Waɗanda ke cikin gida suka fito, har da fasto da malamar makaranta da mai gidan waya da hatiminsa a hannu.

Lebona ya dubi cikinsa, ya ga ja. Ya kwanta a yashi haƙora na kaɗawa.

"Ya cije ni," ya ce. "Babba ne. Na naushe shi a hanci, amma ya riga ya kama. Dieketseng, ki gaya wa mutanen gida na mutu ina faɗa."

"Ku ba ni wuri, ni ma'aikaciyar jinya ce," in ji Mpolokeng.

Ta durƙusa, ta karɓi wuƙar kifi ta tsarge singiletin daga wuya zuwa cibiya. Gari guda ya sunkuyo. Tumbi ne kawai, lafiyayye, yana rawar sanyi. Ta duba gefe, ta duba baya, ta duba cinya. Sannan ta murza rigar da yatsa ta kai hanci. Ta miƙe. Muryarta irin wadda take karanta takardar majiyyaci ce.

"Babu rauni. Man dakali ne."

"Man me?" in ji fasto.

"Na goge ƙofar gida. Sau biyar ya shafa wa allon."

Ban taɓa jin dariya irin ta masunta ba. Daga ƙasa take farawa kamar tekun nasu. Oom Dawid ya zauna a yashi yana share hawaye. Mai ƙararrawa bai san an gama ba, ya ci gaba da bugawa, sai da aka aika a tsayar da shi.

"Hancin nasa fa, Ntate Kyaftin?" in ji Mme Malefu. "Kada ka bar bawan Allah da haɓo a ruwa."

"Ruwan ya canza," ya ce daga cikin bargon da Tannie Griet ta jefa masa. "A zamaninmu ba haka yake ba."

"Gaskiya ne. A zamaninku yana bayanka."

Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya cushe. Likita mafi kusa yana da nisan tafiyar awa biyu, ga ma'aikaciyar jinya a gida. Haka Mpolokeng ta yi hutunta: awon zafi, shafa man zafi, ɗumama miya, sauraron yadda kifin ya ƙara girma tsakanin Talata da Alhamis. Teku bai kwanta ba ko na yini ɗaya. Oom Dawid ya ce ko da ya kwanta, ba zai sa mai koyo a wannan ruwan da wannan watan ba, kuma ba wanda ke da dogon allo a garin. Mme Malefu ta cika robobin layinmu duka, da guga mai dogon mariƙi, daga kan dutse. Rabin allon kuwa masunta sun kafa shi a ƙofar tasha, suna cewa su ma yanzu sun yi dakali.

Ranar Juma'a da safe, muna haɗa kaya, na tarar da Mpolokeng a bakin ruwa ita kaɗai, takalmanta a hannu, ƙafafunta sun yi fari don sanyi.

"Na dai taɓa shi, Mme," ta ce.

Na koma masauki. Kwat ɗin Lebona yana rataye a bayan ƙofa, shi yana kan gado da ƙyalle a wuya. Na sa hannu a aljihun a kan idonsa.

"Me kike nema a kayana, Dieketseng?"

"Nawa nake ɗauka, Abuti."

Wasiƙar ta lanƙwashe, ta yi tafiyar kilomita dubu zuwa tekun da ba nata ba, amma kan sarkin yana nan. Na buɗe ta da wuƙar tebur, na zauna na gyara shekarar zuwa ta baɗi.

"Baɗi ma akwai wani wuri da na sani," in ji shi. "Can sama wajen Namibiya. Hamada ce ta kewaye shi, ruwan sai an sirka."

Na ja layi biyu a kan kalmar uku, na rubuta biyu a samanta, da manyan baƙaƙe. Na liƙe da gam ɗin Tannie Griet.

"Kawo, in mun fita zan jefa miki."

"Kwanta ka huta, Abuti."

Gidan wayar Malgasbaai ɗaki ɗaya ne kusa da coci. Mai hatimi ya karanta adireshin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da ma can muka fara. Na ce da ma. Ya buga hatimi, ya miƙo hannu zai karɓa. Na ce ya bari, na gode. Na fita waje na saka ta a jan akwatin da hannuna, na tsaya har na ji ta faɗi a ciki.